Sharhi kan wani gidan cin kifin fugu a Shimonoseki

Birnin Shimonoseki yana can ƙarshen yammacin Honshu, babban tsibirin ƙasar Japan, inda siririn mashigin ruwa na Kanmon ya raba shi da tsibirin Kyushu, kuma baƙo ba ya daɗewa a garin kafin ya gane abin da mutanensa suke tinƙaho da shi, domin hoton wani kifi mai kumburarren ciki yana ko'ina, daga ƙofofin shaguna har zuwa murafen ƙarfe na magudanan ruwa a kan titi. Kifin shi ne fugu, ɗan uwan talibambam ɗin da masuntanmu suka sani a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi, sai dai shi wannan a teku yake rayuwa, kuma a cikin hantarsa da jakar ƙwansa akwai wata guba mai suna tetrodotoksin wadda miligiram 1 zuwa 2 daga cikinta sun isa su kashe baligi lafiyayye. Gidan abincin da wannan sharhi ya shafa ƙarami ne, yana tazarar 'yan mintuna a ƙafa daga kasuwar kifi ta Karato, kuma ba ya sayar da komai sai wannan kifi. Na bar sunansa a gefe saboda yabon da zan yi da ƙorafin da nake da shi duk sun fi shafar yadda ake tafiyar da sana'ar a irin waɗannan gidaje fiye da yadda suka shafi mutum ɗaya.

Hukuncina tun daga farko shi ne cewa gidan ya cancanci ziyara ga mai hali, amma ba don dalilin da yake kai yawancin baƙi ba. Da yawa suna zuwa ne da zumuɗin cewa za su yi wasa da ajali su tashi lafiya su ba da labari, alhali abin da ake sayarwa a wurin kishiyar haka ne, wato taka-tsantsan da ƙwarewar hannu da tabbacin cewa babu ko ɗigon guba a kan faranti. Wanda ya fahimci haka zai gane inda kuɗinsa ya tafi, wanda kuwa ya zo neman faɗuwar gaba zai koma yana gunagunin an sayar masa da farin kifi marar yaji a kan farashi mai tsada.

Ba a faɗowa gidan haka kawai, sai an yi waya an kama wuri tun kafin ranar, kuma mai masaukina ne ya yi mana wannan, wani Alhaji ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana fataucin tsofaffin motoci daga Kyushu kuma yana jin harshen mutanen sosai. Dalilin kama wurin ba yanga ba ce, domin tsokar fugu tana da tauri idan an yanka ta nan take, don haka ake naɗe ta a ƙyalle a ajiye a sanyi na kwana ɗaya ko fiye har ta saki. Da shigarmu sai idona ya faɗa kan takardar lasisin mai dafa abincin, an sa ta cikin gilashi an rataye a bango inda kowa zai gani. Wannan takarda ita ce abu na farko da ya kamata mai zuwa irin wannan wuri ya nema da idonsa. A Japan larduna ne suke ba da ita, Osaka ta fara kafa dokar a 1948, Tokyo ta biyo baya a 1949, kuma ba a samun ta sai an ci jarrabawar da ta haɗa da rubutu, da tantance nau'o'in kifin da ido, da feɗe shi a gaban masu jarrabawa cikin ƙayyadadden lokaci tare da ware kowace gaɓa mai guba da faɗin sunanta. A 1983 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta fitar da jerin nau'o'i 22 da aka yarda a ci, ta kuma bayyana sashen da ya halatta a kowane nau'i, saboda akwai wanda fatarsa ba ta da illa, akwai kuma wanda fatar ma kisa take yi. Gidan nan torafugu yake sayarwa, nau'in da ya fi kowane daraja, wanda ake cin tsokarsa da fatarsa da farin maniyyin namijinsa, ake zubar da hanta da jakar ƙwai da hanji da sauran kayan ciki.

Shimonoseki tana da hujjar ɗaukar kanta uwa a wannan sana'a. Ana danganta haramcin farko na cin fugu ga Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a wancan zamani, wanda sojojinsa suka riƙa mutuwa da cin kifin a lokacin da ake tara su don yaƙin Koriya na 1592, kuma hanin ya daɗe ta fuskoki daban-daban har zuwa 1888, lokacin da Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko, bayan ya ci kifin a masaukin Shunpanro na wannan gari, ya sa aka ɗage hanin a lardin Yamaguchi, inda Shimonoseki take. Shunpanro yana nan har yau, kuma a cikinsa ne aka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Japan da Sin a 1895. Gidan da muka je ba shi da irin wannan tarihi ko irin wancan farashi, kuma wannan yana cikin abin da ya sa Alhaji ya zaɓe shi.

An zaunar da mu a kanta, wato dogon teburin da ke daf da inda mai dafa abincin yake aiki, kuma a ganina wannan kujera ta fi ɗakunan keɓe da suke ciki, domin daga nan ne mutum yake ganin abin da yake biya. Muna zaune ya ɗauko kifin da za a ci gobe ya ɗora a kan katako. Ya fara datse bakin, wanda haƙoransa huɗu a manne suke kuma suna iya cire ɗan yatsa, sannan ya cire fika-fikan, ya tsaga fatar ta gefe biyu ya yaye ta baya daban ta ciki daban. Daga nan ya rage sauri ƙwarai. Ya ɗago kayan cikin gaba ɗaya ba tare da tsinin wuƙar ya huda komai ba, ya ware hantar, wadda take da girma da sheƙi har mutum ya ce ita ce mafi daɗi a jikin kifin, ya cire idanu da sauran abubuwan da ba a ci, yana jera su a wani tire na daban mai jan alama. Sai wanki, a ƙarƙashin famfo a buɗe, yana bin ƙashi da yatsa yana fitar da daskararren jini da yauƙi, ya daɗe a kan wannan fiye da yadda ya daɗe a kan yankan. Abin da ke cikin jan tiren kuwa ya juye shi a wani akwatin ƙarfe, ya rufe ya datse da kwaɗo, domin doka ba ta yarda a jefa waɗannan gaɓoɓi a kwandon shara ba, inda mage ko mabukaci zai iya tsinta. Duk tsawon aikin bai yi hira da kowa ba, ko da baƙon da yake ta ƙoƙarin ɗaukarsa hoto.

Wannan tsanani yana da dalili, kuma dalilin yana cikin halin gubar kanta. Tetrodotoksin ba ta da ɗanɗano ko wari da za su gargaɗi mai ci, kuma wuta ba ta kashe ta, ko an tafasa ko an soya ko an gasa, haka ma daskarewa a firiji ko shanya a rana. Aikinta a jiki shi ne toshe 'yan ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyum yake bi ya shiga jijiya, waɗanda sai da su saƙo yake tafiya daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, kamar yadda Toshio Narahashi da abokan aikinsa suka tabbatar a jami'ar Duke ta Amurka a 1964, shekaru da yawa bayan Yoshizumi Tahara ya tato gubar ya raɗa mata suna a 1909. Alamomin suna fara bayyana daga kimanin mintuna 20 zuwa sa'o'i 3 bayan ci: leɓe da harshe su mutu, sannan yatsu, sai amai da jiri da sarƙewar magana, sai ƙafafu su kasa ɗaukar mutum, daga ƙarshe tsokar numfashi ta tsaya. Abu mafi tayar da hankali shi ne cewa hankalin mutum yakan zauna daram kusan har ƙarshe, yana jin abin da ake faɗa a kansa amma ba ya iya motsi ko magana. Babu makari har yau. Abin da likitoci suke yi shi ne su wanke ciki idan an zo da wuri, su ɗora majinyaci a kan na'urar numfashi har jiki ya fitar da gubar ta fitsari, kuma wanda ya tsallake sa'o'i 24 na farko yakan warke sarai. Ma'ana dai tazarar da ke tsakanin mutum da asibiti mai na'urar numfashi ita ce take yanke hukunci.

Abincin yana zuwa ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. An fara da fatar kifin da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka yayyanka siri-siri, wadda a baki take kama da ganda mai laushi, kuma ta yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Sai babban farantin da gidajen fugu suke alfahari da shi, ɗanyar tsoka da aka yanka da wata doguwar wuƙa ta musamman, kowane yanki siriri har ana hango zanen shuɗin tangaran ɗin ta cikinsa, an jera su zagaye kamar furen da ya buɗe. Ana ɗaukar yanki biyu ko uku a naɗe ɗanyar albasa mai siririn ganye a ciki, a tsoma a ruwan lemon tsami da miyar waken suya, tare da ɗan gogaggen farin radish da aka cuɗa da jan barkono. A nan dole in faɗi gaskiya ga mai karatu da harshensa ya saba da daddawa da attaruhu: ɗanɗanon tsokar a ɓoye yake ƙwarai, sai an tauna an daɗe kafin wani ɗan zaƙi ya fito, kuma rabin daɗin yana cikin taurin da take yi a haƙori. Aikin wuƙar abin a yaba ne, babu yanki ɗaya da ya fi wani kauri, amma ba zan ce wannan faranti ya kai yadda ake kururuta shi ba.

Inda gidan ya nuna bajintarsa shi ne a kan wuta. Soyayyen fugu, wanda aka soya da ƙashinsa, ya zo da zafi, bayansa ƙamas cikinsa kuma da ruwa-ruwa, tsokar tana saki daga ƙashi a dunƙule, kuma shi kaɗai ne a duk jerin na so a ce an ƙaro. Bayansa aka ɗora tukunyar ƙasa a gabanmu, aka zuba ƙasusuwa da sauran tsoka da kabejin Sin da naman kaza da awara, uwar gidan tana tsaye tana kwashe kumfa tana zuba wa kowa a daidai lokacin da rabonsa ya nuna. Da aka cinye kayan sai ta tace romon, ta zuba dafaffiyar shinkafa da kaɗaɗɗen ƙwai ta rufe na ɗan lokaci, kuma a wannan kwano na ƙarshe ne duk daɗin da kifin ya ɓoye tun farko ya fito fili. Hidimar matar ba ta da makusa, ba ta gaggauta mu ba, ba ta kuma bar mu muna jira ba.

Ana tsakiyar ci ne Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ko in tambayar maka 'yar hanta ka ɗanɗana?" Da na ƙi, sai ya juya ya jefa wa mai dafa abincin tambayar cikin raha, shi kuwa bai ko yi murmushi ba, ya girgiza kai ya ambaci doka ya ci gaba da aikinsa. Wannan amsa ta ƙara masa daraja a idona, domin ta hanta ne mafi yawan shahararrun mace-macen suka zo. A watan Janairun 1975 fitaccen ɗan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, Bando Mitsugoro na takwas, ya mutu a Kyoto bayan ya ci kaso huɗu na hantar fugu a wani gidan abinci, kuma an hukunta wanda ya ba shi. Akwai masu jayayya cewa hanin ya wuce gona da iri, saboda bincike, ciki har da na jami'ar Nagasaki, ya nuna cewa kifin ba shi yake ƙera gubar ba, wasu ƙwayoyin bakteriya na teku ne suke samar da ita, shi kuma yana tara ta daga abin da yake ci, don haka wanda aka yi kiwonsa a killace a kan tsabtataccen abinci yakan tashi babu guba. Lardin Saga ya nemi a ba shi damar sayar da hantar irin wannan kifi na kiwo, amma hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar ta ƙi amincewa a 2005, ta sake ƙi a 2017. Ina ganin hukumar ta yi daidai, domin idan aka ɗora hanta biyu a faranti babu idon da zai bambance ta kiwo da ta teku. Haka kuma maganar da ake yaɗawa cewa gwanin kuku yana barin 'yar guba kaɗan don leɓe ya yi tsirtsir, ban ga alamarta a gidan nan ba, kuma wanda ya ji leɓensa ya fara mutuwa bayan cin fugu a Japan, lambar motar asibiti 119 ya kamata ya kira nan take.

Ƙorafina na farko yana kan takardar Turanci da ake miƙa wa baƙi. An cika ta da barkwanci kan jarumtar mai ci da zanen kifi yana dariya, amma babu layi ɗaya da ya faɗi alamomin guba ko abin da mutum zai yi idan ya ji su, kuma wannan bai dace da gidan da yake kulle shararsa da kwaɗo ba. Na biyu, takardar ba ta bayyana cewa jerin mai sauƙin kuɗi kifin kiwo ba ne, sai da Alhaji ya tambaya. Babu laifi a kifin kiwo, shi ne ma mafi yawan torafugun da ake ci a ƙasar, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da ya saya. Na uku ya shafi Musulmi kai tsaye. Kifin kansa ba shi da matsala a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta halatta abin da ke cikin teku, muddin an kawar da abin da yake cutarwa, amma jerin ya haɗa da kofin giyar shinkafa mai zafi da ake jefa gasasshen fiffiken kifin a ciki, kuma da muka ce ba ma sha ba a rage ko yen ɗaya ba, shayi kawai aka kawo a madadinsa. Miyar tsomawa ma akan sa mata wata giyar girki mai zaƙi, haka ma abin da ake jiƙa kifin suya a ciki, don haka sai an faɗa tun lokacin kama wuri. Gidan ya yi mana tamu daban, ya ƙara da gishiri da yankakken lemo, kuma a wannan ya kyauta.

Kowannenmu ya biya kusan yen 15,000, kuma jerin kifin teku ya kusan ninka wannan. Kuɗi ne mai yawa ga abincin da ba ya cika cikin mai ƙwazo sai da taimakon shinkafar ƙarshe. Wanda yake son ɗanɗanawa kawai zai iya zuwa kasuwar Karato a ƙarshen mako, inda rumfuna suke sayar da 'yan loma da soyayye a kan kuɗi kaɗan, kuma abin da suke sayarwa ya riga ya bi ta hannun masu lasisi.

A bakin ƙofar gidan ana sayar da ƙunshin gyararriyar tsoka mai sanyi don tsaraba, kuma wannan ne ya sa nake ganin dole sharhin ya ɗan leƙa waje. Tsarin lasisi ya yi aiki a Japan, inda a 1958 mutum 176 suka mutu da wannan guba, yanzu kuwa shekara takan wuce babu mutuwa ko a sami ɗaya ko biyu, galibinsu masu kamun kifi da ƙugiya da suka feɗe abinsu a gida. Duk da haka kuskure yana faruwa, kamar a Janairun 2018 lokacin da wani kanti a garin Gamagori ya sayar da ƙunshi 5 da hanta a ciki, har hukumar garin ta yi shela da lasifikokin gaggawa tana neman waɗanda suka saya. Inda babu irin wannan tsari abin ya fi muni. A Bangladesh a 2008 mutum 17 suka mutu cikin 141 da suka kamu bayan cin kifin da aka saya da araha, kuma a 2023 wasu tsofaffi miji da mata sun mutu a jihar Johor ta Malesiya bayan sun soya wanda suka saya. Wani nau'i mai azurfar gefe ya bi mashigin Suez daga Bahar Maliya ya bazu a Bahar Rum, an fara ganinsa a gaɓar Turkiyya a 2003, har gwamnatin ƙasar ta koma biyan masunta kuɗi a kan kowace wutsiya, Masar ta hana sayar da shi, Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da duk dangin kifin. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Masar da Libiya da Turkiyya da gaɓar Sudan su ne wannan ya fi shafa, musamman idan aka tallata musu farar tsoka mai araha wadda aka riga aka cire mata kai da fata. Abin da na gani a kantar Shimonoseki aikin shekaru ne na koyo, ba abin da ake ɗauka daga bidiyon intanet ba.

Lokacin sanyi ne ya fi dacewa da zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsokar take cika kuma ake samun farin maniyyin da masana kifin suke rububi, kuma daga Moji da ke tsallaken mashigin jirgin ruwa yana kai mutum Karato cikin kimanin mintuna 5. Ga mai zuwa, shawarata ita ce ya nemi kujerar kanta, ya tambayi ko kifin na kiwo ne ko na teku, ya kuma faɗi maganar giya tun a waya. Ni dai idan na sake samun kaina a garin zan so in tsallake cikakken jerin in sayi soyayyen da shinkafar romo kawai, amma da Alhaji ya tambaya, uwar gidan ta ce da dare ba sa sayar da su daban.